Filogi geji ya ƙi shiga, agogo kuma ya ce ramin daidai yake: wa za a bi?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Dan Allah a warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun jiya. An ba ni aikin bushi guda 40 na ƙarfe, wato gajeren bututun da shaf (sandar inji) yake shiga cikinsa, ramin ciki a zane an rubuta 25 H7, wato faɗin milimita 25 da iyakar da aka yarda ya kai, kaurin bangon milimita 2.5 ne kawai. Na gama yanka na auna da geji mai agogo, kowanne yana ba ni tsakanin 25.008 zuwa 25.014, kun ga kenan ina tsakiyar iyaka tunda H7 na 25 daga 25.000 ne zuwa 25.021. Da aka kai wajen masu duba aiki sai suka ɗauko ƙarfen nan mai kai biyu suna zurawa, guda 11 dogon kan ya ƙi wucewa, suka ware su gefe. Na ce musu ga abin da agogo ya ba ni, suka ce su ba ruwansu da agogo. Toh ni abin da na kasa ganewa, ta yaya ƙarfen da ko lamba ɗaya baya nunawa zai ƙaryata abin da yake karanta maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita? Sannan sunayen ma sun rikita ni, wani ya ce filogi, wani ya ce fin geji, wani go da nogo, wani ya ce masta. Duk abu ɗaya ne ko kowanne da nasa aikin?

Mai CNC:
Wa alaikumus salam. Ƙanena fara duba gejin nasu tukuna. Sau nawa ina ganin filogi ya faɗi ƙasa bakinsa ya ɗan tashi, ido baya gani amma ba zai shiga rami ba ko da ramin lafiya lau yake. Ni dai na fi yarda da abin da zai ba ni lamba

Baba Tsohon Hannu:
Ɗana, in gejin ne ya lalace da duka 40 ɗin zai ƙi shiga ba 11 ba. Ya wuce a 29 ai. Mu bi abin a hankali.

Bari in fara da sunayen tunda nan ka ce ka rikice. Kayan awo iri biyu ne a wannan sana'a. Akwai masu faɗa maka lamba, baniya, maikuromita, geji mai agogo. Akwai kuma waɗanda aka sassaƙa su a girma guda ɗaya tak, ba sa buɗewa ba sa rufewa, ba abin murɗawa a jikinsu, su ne tsayayyun geji. Su ba a tambayarsu nawa ne, ana tambayarsu ya yi ko bai yi ba. Na rami shi ne filogi geji, sunan daga abin toshe rami ya samo asali, sandar ƙarfe ce zagayayya da aka taurara aka goge ta sumul. Na shaf kuma zobe ne ko mai baki kamar ƙaguwa, wannan ba maganarmu ba ce yau.

Go da nogo ba wani geji ba ne daban, sunan kawunan biyu ne. Go shi ne mai shiga, an yi shi a ƙaramar iyakar ramin, a naka wajen 25.000, dole ya wuce tun daga baki har ƙarshe. Nogo shi ne mai ƙin shiga, an yi shi a babbar iyaka, 25.021, in ya shiga ramin ya yi faɗi kenan an ɓata aiki. Shi ya sa wasu ke ce masa geji na iyaka. Za ka gane nogo da gajartarsa, kuma galibi akwai jan fenti ko jan zobe a ɓangarensa.

Ɗan Koyo:
Na gode Baba. Toh fin geji fa? Muna da akwati guda cike da su, kowanne da ɗan raminsa da lamba a jiki

Baba Tsohon Hannu:
Shi ma filogi ne a asali, sai dai ba mariƙi, sanda ce siririya tsirara, kuma a jere suke zuwa, kowanne ya ɗara na bayansa da 0.01 na milimita, ko 0.001 na inci in na masu inci ne. Amfaninsu ka yi ta gwadawa har ka gano inda ramin ya tsaya. Masta kuwa kar ka kuskura ka zura shi a aiki. Masta shi ne abin da ake saita wani geji da shi, kamar zoben da ka saita agogonka a ciki kafin ka fara awo. Ana ajiye shi ne a lulluɓe da mai, sai ranar saiti.

Malamin Fasaha:
Baba ya share hanya, bari in ɗora a kan tambayar farko domin ita ce zuciyar maganar. Ɗan Koyo, ka taɓa tambayar kanka me ya sa go dogo ne nogo gajere? Da yawa za su ce maka don a bambance su ne, ko don go ya fi goguwa. Duk akwai ƙamshin gaskiya amma ba shi ne tushen ba.

Wani Bature ne William Taylor na kamfanin Taylor, Taylor and Hobson a birnin Lesta ta Ingila ya shimfiɗa ƙa'idar a 1905, a kan gejin zaren noti ya fara, har yau da sunansa ake kiranta. Abin da ƙa'idar ke cewa shi ne go ya zama cikakken siffar abin da zai shiga ramin, zagayayye ko'ina, tsawonsa kuma ya kai tsawon inda za su haɗu, domin ya duba faɗi da zagaye da miƙewa duk a shiga ɗaya. Nogo kuma ya riƙa duba abu ɗaya ɗaya, a wuri ɗaya ɗaya.

Yanzu ka ɗauki agogonka. Wuri biyu yake taɓawa a cikin rami, nan da can, ya faɗa maka nisan da ke tsakaninsu. Bai san komai ba bayan wannan. In ramin ya lanƙwashe kamar baka, duk inda ka sa agogo zai ba ka 25.010, amma miƙaƙƙiyar sanda ba za ta wuce ba. In ramin ya tsuke a can ciki inda ba ka kai ba, haka. Agogon bai yi ƙarya ba, filogin ma bai yi ba, tambayar da kowannensu yake amsawa ce daban. Kuma shaf ɗin da za a saka a bushin nan gobe irin tambayar filogi zai yi.

Mai CNC:
Malam na ji, amma fa a faɗi ɗaya ɓangaren. Filogi makaho ne. Ina yanka guda 500, go na shiga nogo na ƙi, ina ta murna, ashe bakin wuƙar yana cinyewa ramin yana tsukewa kaɗan kaɗan daga 25.015 zuwa 25.004 ban sani ba, sai ranar da go ya ƙi shiga kawai in ji a jikina. Da agogo ne tun a guda na 100 zan ga inda abin ya dosa in ƙara maikuron biyar a injin in ci gaba. Shi filogi sai ɓarna ta faru yake magana

Anti Mai Duba Inganci:
Oga Mai CNC ba wanda ya ce ka ajiye agogo. A bakin injin agogo ne abokinka domin kai gyara kake yi. Mu a teburin dubawa hukunci muke yankewa, kuma guda ɗari biyar ɗin nan naka in na ce zan bi kowanne da agogo a wuri uku uku a zurfi uku uku sai in kwana a kai, filogi kuwa daƙiƙa kaɗan ne, kuma ko sabon ma'aikaci na ba zai fito da amsar da zan fito da ita matuƙar ya iya riƙewa. Agogo mutum uku su auna rami ɗaya su kawo maka lamba uku.

Ɗan Koyo ina da tambaya. Guda 11 ɗin nan go ɗin tun a baki yake ƙi ko yana shiga ya tsaya a tsakiya?

Ɗan Koyo:
Anti wasu tun a baki, wasu ya ɗan shiga kamar milimita uku sai ya cije. Ni har na so in ɗan danna amma matar da ke dubawa ta hana ni

Anti Mai Duba Inganci:
Ta kyauta maka. Ba a danna filogi, ba a buga shi, ba a murɗa shi da ƙarfi kamar rima mai share rami. Da ɗan yatsa biyu ake riƙewa, a shafa mai kaɗan, ya shiga da nauyin hannu mara ƙarfi. Ƙarfen filogi ya fi na aikinka tauri nesa ba kusa ba, in ka tura da ƙarfi zai buɗe wa kansa hanya musamman a alminiyam ko tagulla, sai ka ce ya wuce alhali kai ka wuce da shi. Ranar da ya maƙale a ciki kuma ka rasa aikin ka rasa gejin.

Kafin komai ka duba bakin ramin ko akwai ƙayar ƙarfe da wuƙa ta bari, ka wanke ka goge. Ɗan ɓurɓushi ɗaya ya isa ya tare go.

Injiniya:
Ina bin maganar tun ɗazu. Akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ne yake sa mai yanka ya ji kamar an zalunce shi. Gejin kansa mutum ne ya yi shi, shi ma yana da nasa rangwamen, wato ɗan bambancin awo da aka yarda masa. Go na 25 H7 ba 25.000 cif yake fitowa ba. A tsarin Turai sabon go ana ɗora tsakiyarsa maikuron 3 sama da ƙaramar iyaka, da rangwamen maikuron 2 sama ko ƙasa, wato zai faɗo tsakanin 25.001 da 25.005. An yi hakan ne don a bar masa abin da zai cinye yana goguwa, kuma ana barinsa yana aiki har ya sauka 24.997 sannan a yi masa ritaya. Nogo kuma 25.021 ne da maikuron 2 kowane gefe.

Ma'anarsa ramin da yake 25.002 a takarda ya ci jarabawa, amma sabon go zai iya ƙinsa, tsohon go ya karɓe shi. Daga nan rigima take tashi tsakanin mai yi da mai karɓa, kowa da gejinsa a hannu kowa yana rantsuwa. Hanyar da aka saba bi ita ce mai yanka ya riƙe sabon geji, mai dubawa ya riƙe wanda ya ɗan goge amma bai fita iyaka ba, ta haka duk abin da ya wuce a bakin injin zai wuce a tebur.

Amma naka Ɗan Koyo 25.008 ne mafi ƙanƙanta, ya haura 25.005, don haka wannan bai isa ya bayyana matsalarka ba. Akwai wani abu.

Mai CNC:
Injiniya toh na Amurka fa masu X da Z? Akwatin fin da nake da shi ZZ aka rubuta da alamar ragi

Injiniya:
Wannan ajin kyawun gejin ne a tsarin ASME. Daga XX zuwa X, Y, Z, ZZ, kullum rangwamen yana ƙaruwa. A ƙananan girma har zuwa inci 0.825, XX rangwamensa inci 0.00002 ne, X 0.00004, Y 0.00007, Z 0.0001, ZZ kuma 0.0002, wato kusan maikuron 5. Alamar ragi na nufin fin ɗin zai iya gaza lambar da aka rubuta amma ba zai haura ta ba, alamar ƙari kuma akasin haka. A tsarinsu go ana ba shi ƙari nogo ana ba shi ragi, domin duk kuskuren gejin ya faɗo cikin iyakar aikin, gara a ƙi mai kyau da a karɓi mara kyau.

Ka lissafa da kanka. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada geji ya ci fiye da kashi 10 cikin 100 na rangwamen aiki. Rami mai rangwamen maikuron 21, kason geji kusan maikuron 2 ne. ZZ shi kaɗai ya ci 5. Don haka akwatinka yana da kyau wajen ramin diril da aikin da ba a matsa ba, amma kar ka yanke hukuncin H7 da shi.

Mai Gyaran Injin:
Ni tambayata a kan nogo ce. An ce in bai shiga ba shikenan ramin bai yi faɗi ba. Amma na taɓa karɓar wani gidan boris da aka ce ya wuce go da nogo, na saka boris yana rawa ta gefe ɗaya. Ya aka yi haka?

Malamin Fasaha:
Madalla da wannan tambaya, nan ne raunin filogin da muke amfani da shi yake. Ramin naka ƙwai ne. Ta gefe ɗaya ya kai misali 25.030, ta ɗaya gefen 25.012. Zagayayyen nogo mai 25.021 zai zo ya tokare a matsattsen gefen ya ƙi shiga, kai kuma ka ce lafiya, alhali ta dogon gefen an wuce iyaka da maikuron 9. Shi ya sa a ƙa'idar Taylor ta asali nogo ba cikakken zagaye ba ne, wuri biyu kawai ya kamata ya taɓa, a riƙa juya shi ana gwadawa ta kowace fuska. Zagayayyen gajeren nogo da ake sayarwa na ƙananan ramuka sassauci ne aka yi don sauƙin ƙerawa. Akwai masu fiƙe gefe biyu na nogo su bar ɗan baka nan da can, wannan ya fi kusa da ƙa'idar.

Kuma nogo ta bakin ramin kawai yake gani. In ciki ya yi tumbi kamar tulu bakin ya tsuke, ba zai taɓa sani ba. Ramin da ya huda ta biyu a gwada nogo ta kowane baki. A nan kam Oga Mai CNC yana da gaskiya, agogo ne ke kama wannan.

Mai CNC:
Yauwa Malam, abin da nake faɗa kenan tun farko

Baba Tsohon Hannu:
Rabin abin da kake faɗa ɗana. Agogo ya fi nogo gani, go ya fi agogo gani. Ka riƙe duka biyun.

Tunda yaron ya tambayi iri iri bari in ƙarasa masa waɗanda zai ci karo da su. Mai kai biyu ka riga ka gani. Akwai mai kai ɗaya, go da mariƙinsa nogo da nasa, ana yin haka in girman ya yi yawa don kar nauyi ya yi wa hannu yawa. Akwai mai hawa biyu, go a gaba nogo a bayansa a sanda ɗaya, zura ɗaya ka gama, yana da sauri sosai amma sai ramin da ya huda ko mai zurfi, in ramin gajere ne mai toshe go zai taɓa ƙasa kafin nogo ya iso baki, ba ka gwada komai ba kenan.

Sai yadda ake ɗaura kan a mariƙi. Ƙananan akwai wanda sanda ce miƙaƙƙiya ake matse ta da noti, in baki ɗaya ya cinye ka kwance ka juya ɗaya bakin, geji ɗaya rai biyu. Akwai tefalok, gindinsa a tsuke yake ana cusa shi a mariƙi ya kama kansa, shi ba a juya shi. Akwai tirailok na manya, daga wajen inci ɗaya da rabi zuwa sama, mariƙin na da haƙora uku da ke shiga jikin gejin a ɗaure da kusa ta tsakiya, shi ma ana juyawa. In rami ya haura milimita 100 cikakken filogi ya zama kaya, sai a koma mai fiƙaƙƙen gefe ko sanda mai zagayayyen baki biyu.

Wani abu da ba a faɗa wa yara: ramin da bai huda ba iska na taruwa a ciki. Ka zura go mai kyau sai ka ji yana turo ka baya kamar famfo, ka ce ramin ya matse alhali iska ce ta rasa hanyar fita. Shi ya sa na irin wannan rami ake yi masa ɗan layi a jiki ko huji a tsakiya.

Anti Mai Duba Inganci:
Baba a ƙara da abin da aka yi shi da shi. Na ƙarfe zalla shi ne gama gari. Mai rufin kurom ya fi daɗewa kuma baya saurin tsatsa. Na kabaid ya fi su duka jure goguwa, shi ake so in ana gwada ƙarfen zubi ko wani abu mai cin geji, amma in ya faɗi ƙasa ɓallewa yake yi. Kuma go ne ke mutuwa kullum tunda shi ke shiga da fita, daga baki yake fara cinyewa, don haka in za a auna shi a auna baki da tsakiya da gindi.

Mai Gyaran Injin:
Na zare fa? Wanda ake murɗawa a ramin da aka yanka wa zare da taf

Injiniya:
Shi ma filogi ne, go da nogo, za ka ga an rubuta misali M10 x 1.5 6H. Go ya murɗu da hannu har ƙarshen zaren. Nogo an rage masa tsinin haƙora da yawan zagaye domin gefen haƙori kawai yake dubawa, kuma a tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 1502 an yarda ya kama amma kar ya wuce juyi biyu. Abin da mutane ke mantawa shi ne filogin zare baya gaya maka ko diril ɗin da aka fara hudawa da shi ya yi girma. In maimakon 8.5 an sa 9, go zai shiga nogo zai iya ƙi, amma haƙoran sun zama gajeru ba ƙarfi. Wannan sai da filogi mara zare ake kama shi.

Akwai kuma na rami mai tsukewa kamar Mos tefa, shi zurfin da ya shiga ake kallo tsakanin layi biyu ko ɗan mataki a gindinsa, a shafa shuɗin fenti siriri a juya kaɗan a ga inda ya taɓa.

Amma mu koma kan bushin yaron nan. Ɗan Koyo da me ka kama aikin a injin? Kuma agogon a kan injin ka auna ko bayan ka sauke?

Ɗan Koyo:
Da cok mai haƙori uku Injiniya. Na matse sosai saboda na farko ya zame min. Na auna a kan injin na kuma auna bayan na sauke, lambar kusan ɗaya ce shi ya sa hankalina ya kwanta

Baba Tsohon Hannu:
Toh ga ɓarawon nan. Bango milimita 2.5, haƙori uku, an matse sosai.

Ɗana ka ɗauki zoben roba ka matse shi da yatsa uku ka ga yadda yake komawa. Haka bushinka ya yi a cikin cok, wuri uku ya shiga ciki wuri uku ya kumbura. Kai kuma ka zo ka yanka rami zagayayye sumul a cikin abin da yake a lanƙwashe. Da ka kwance, ƙarfen ya koma yadda yake, sai ramin ya ɗauki lanƙwasar, ya zama mai kusurwa uku a ɓoye, ido ba zai gani ba.

Malamin Fasaha:
Kuma abin da ya sa agogo bai gani ba shi ne a siffa mai tudu uku, duk inda tudu yake kwari ne ke fuskantarsa ta ɗaya gefen. Ƙafa ɗaya ta agogon tana kan tudu ɗayar tana cikin kwari, su cinye juna, ka juya duk yadda ka so lamba ɗaya za ka gani. Da ƙwai ne da tuni ka kama shi. Go kuwa tudun nan uku yake tararwa a lokaci guda. Diril mai baki biyu ma yana yawan barin irin wannan siffa in yana rawa a farkon huji.

In kuna da maikuromitar rami mai ƙafa uku ka gwada. Ka sa ka karanta, ka juya bushin kashi ɗaya cikin shida na zagaye ka sake karantawa.

Mai CNC:
Zafi ma a duba fa. In ya auna yana sauke aiki da zafinsa

Injiniya:
Gaskiya ne a duba, duk awon nan a digiri 20 aka gina shi tun 1931 da aka amince da hakan a duniya. Ƙarfe yana buɗewa kusan maikuron 11.5 a kowace mita a kowane digiri, ramin 25 in ya fi geji zafi da digiri 20 ya ƙaru da kusan maikuron 6, in ya huce ya koma. In aiki da geji duk ƙarfe ne kuma zafinsu ɗaya, tare suke buɗewa ba matsala, alminiyam ne ke ninka wannan. Kuma kar a taɓa barin filogi mai sanyi a cikin rami mai zafi, aikin zai huce ya riƙe shi gam.

Abu na ƙarshe daga gare ni, ka duba zanen ko akwai harafin E a cikin da'ira kusa da 25 H7, ko a ƙasa an rubuta tsarin da aka bi. A zanen ASME Y14.5 ƙa'idar Taylor ita ce doka ta farko ko ba a rubuta ba. A zanen ISO na yanzu girma daban siffa daban, awon wuri biyu ne asali sai an sa E ɗin nan, shi ne ke cewa a bi ƙa'idar Taylor. Wannan zai nuna ko a takarda ma kana da abin cewa.

Anti Mai Duba Inganci:
Injiniya ko takarda ta ba shi gaskiya ni ba zan saki bushin da go ya ƙi ba sai mai zanen ya sa hannu. Shaf ne zai shiga ciki.

Ɗan Koyo:
Na dawo. Na samu mai ƙafa ukun a wajen masu dubawa. Na ɗauki ɗaya daga cikin 11 ɗin, a wuri ɗaya ya ba ni 24.998, na juya kamar yadda Malam ya ce ya ba ni 25.022, agogo kuma har yanzu 25.010 yake cewa ta ko'ina. Na sa alama da alli a inda ya matse, wuri uku ne cif, kuma sawun haƙoran cok yana nan a bayan bushin ana gani. E ɗin ma yana nan a zanen Injiniya, ni ne ban san me yake nufi ba. Wallahi jikina ya yi sanyi, amma na gode muku ƙwarai da gaske. Yanzu 11 ɗin nan akwai yadda za a cece su?

Baba Tsohon Hannu:
Wanda ya kai 25.022 ta kwari ya riga ya fita, ko ka share tudun ba za ka mayar da ƙarfen da ya tafi ba. Ka auna sauran ɗaya bayan ɗaya, duk wanda kwarinsa bai kai 25.021 ba a iya bi da honin, wato gugar ciki da dutsen wasi, a hankali a kwashe tudun kawai, amma ka nemi izinin ogan ka kafin ka taɓa. Na gaba kuma ka yi amfani da kolet, mariƙin da ke matse aiki ta ko'ina a zagaye, ko haƙora masu laushi da aka yanka daidai da bayan bushin su rungume shi ko'ina. In ba ko ɗaya, ka yi yankan farko da matsi, ka sassauta cok, sannan ka yi yankan ƙarshe siriri. Guda 29 da suka wuce ma ka bi su da mai ƙafa ukun, nogo ba zai nuna maka kwarinsu ba.

Ɗan Koyo:
Toh Baba, da safe zan fara da 29 ɗin. Anti dan Allah in na yanka na farko da kolet zan iya karɓar filogin in gwada a bakin injin ko sai an kawo tebur?

Anti Mai Duba Inganci:
Ka nemi na bakin injin, kusan kowane wurin aiki akwai. Ka bari aikin ya huce, ka sauke shi daga kolet sannan ka gwada, kar ka gwada yana ɗaure. In ka gama ka goge gejin ka shafa mai ka mayar da shi gidansa.